Littafin aikin sauti: neman DAC da amfilifayar hedifon kafin azumi

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan shafin ne don in riƙa ajiye lissafi, kuɗi na fita kullum ban san ina suke tafiya ba. Aikin dai shi ne wanda na saba duk shekara, in ɗauki tafsirin masallacinmu na nan Agege in tace shi in yayyanka a tura guruf-guruf na WhatsApp, sai bidiyon biki da nake tacewa a gefe wanda shi ne na cefane. Bara bayan babbar sallah na samu hedifon Beyerdynamic DT 770 Pro na hannu, mai om 250 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta), wajen wani da ya tattara zai koma Kano yana sayar da kayan situdiyonsa. Hedifon ɗin lafiyarsa ƙalau, amma in na soka shi a ramin laftof sai na ƙure bolum kafin in ji muryar Malam yadda ya kamata, kuma da na jona caja sai wata siririyar tsuwa ta taso, in na motsa maus har canza murya take yi. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, in na ji gurnani a rikodin ba na iya gane na masallaci ne ko na laftof ɗina ne, sai mutum ya yi ta goge abin da babu shi a fayil har murya ta koma kamar daga cikin randa ake magana.

To abu biyu nake nema. DAC, wato abin da zai karɓi sautin ta USB ya juya shi daga lambobi zuwa wutar da kunne zai ji, a waje da hayaniyar cikin laftof. Sai amfilifaya da zai iya tura hedifon ɗin. In an samu a haɗe a akwati ɗaya ya fi min. Kuɗin da na ware dubu 150, in ta kama dole 180. Azumi kuma wajen farkon Maris ake sa rai.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau lissafi na zauna na yi, don na gaji da jin wai wannan na da ƙarfi wancan ba shi da ƙarfi babu lamba ko ɗaya. Kamfanin ya rubuta cewa hedifon ɗin na ba da 96 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a kan milliwat 1 na wuta. Duk lokacin da wuta ta ninka biyu ƙarin dB 3 ake samu, ita wutar kuma bolt sau bolt ne a raba da om. Ka ga rabin bolt a kan om 250 milliwat 1 ne cif, 96 dB ke nan. Bolt 1 milliwat 4 ne, 102 dB. Bolt 2 milliwat 16, 108 dB. Mai son 110 sai ya nemi bolt 2 da rabi.

Ba wai zan zauna ina jin 110 ba fa, wannan kurumta ce ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya 80 dB ta ce, awa 40 a mako ga babba. Amma rikodin tafsiri ƙasa-ƙasa nake ɗaukarsa da gangan, saboda Malam na magana a hankali sai mai jan baki ya ɗaga murya farat ɗaya, in ba ka bar masa fili a sama ba sautin fashewa yake. Saboda haka ɗanyen fayil ɗin shiru-shiru yake fitowa, ga shi ina son in saka EQ, abin ɗaga wani ɓangaren sauti da rage wani, wanda shi ma sai ya ci wajen dB 5 ko 6. Filin nan shi nake saya.

Wani abu da na lura, masu talla milliwat ɗin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe kusan duk na om 32 ne. Ni wannan lambar ba ta yi min komai, bolt nawa abin ke fitarwa shi ne tambayata. Akwai kuma maganar om ɗin ramin amfilifayar kansa, an ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon. A 250 ba damuwa, har 30 ma ya yi, amma ɗan iyafis ɗina mai om 16 sai ƙasa da 2.

Talata, 14 ga Janairu

Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja. Jirgin safe na bi daga tashar Agege zuwa Ikeja, tun da aka fara ɗaukar fasinja a layin jirgin ƙasan nan na Red Line a Oktoban bara na huta da cunkoson hanyar. Daga shiga titin Otigba yaran nan masu tare mutum suka yi min caa, kowa oga me kake nema. Na ce DAC. Wani ya ce in biyo shi, muka hau bene muka sauka muka kutsa wani lungu, ƙarshe aka miƙo min ɗan abin USB ɗin nan mai rami kore da ruwan hoda an rubuta 7.1 a jiki, naira 2,500. Na ce ba shi ba. Aka kai ni wani shagon kayan situdiyo, nan kam sun gane maganar amma Focusrite Scarlett suke da shi da ire-irensa, kaya ne mai kyau sai dai kuɗin ya wuce aljihuna kuma abin da ake biya a jikinsa ɓangaren makirfo ne, ni kuwa ina da rikoda ta daban.

Da zan fito wani mai tebur ya nuna min farar 'yar waya USB-C zuwa ramin iyafis, ya rantse da abin da zai kashe shi orijina ce, daga dubu 7 muka sauko 4. Na zo gida na soka, Windows ko gezau, babu sabuwar na'urar sauti babu komai. Na sake kunna laftof, na leƙa Device Manager, shiru. Sai da dare na gano irin su biyu ne a kasuwa, akwai mai ɗan cif na DAC a cikin kan, akwai kuma wadda waya ce zalla wadda sai wayoyin da ke fitar da sautin kai tsaye ta ramin caji take yi wa aiki. Ta biyun aka ba ni. A ido ba ka bambance su wallahi. Ta yi aiki a wayar ƙanwata, na bar mata.

Kuɗi: dubu 4, mota da jirgi wajen 1,500.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ba abin da aka yi. Bikin wasu 'yan Mile 12 nake ta tacewa, sai ƙarfe ɗayan dare aka kawo wuta.

Asabar, 18 ga Janairu

Abokina mai gyaran waya, ɗan Zariya ne muna sallar asuba tare, ya ji labarin dubu huɗuna ya yi ta dariya. Ya ce kai mutumina da ka tambaye ni ai da na ba ka ta gaske ka gwada. Ya ciro ta Apple daga durowa ya ce in riƙe ta har in gama shawara. Ya nuna min wani abu da ban sani ba, a jikin wayar akwai ƙananan rubutu, tasa A2155 ce wato ta ƙasashen Turai, ita rabin bolt take fitarwa, ta Amurka kuma A2049 ita ce mai bolt 1. A Amurka dala 9 ake sayar da ita.

Ga gwajin da na yi. Na buɗe manhajar tace sauti ta Audacity na ƙirƙiri fayil na shiru zalla, na kunna shi, na ƙure bolum. Ta ramin laftof da caja a jone tsuwa na nan, in na cire caja ta ragu amma akwai wani shuuu a ƙasa. Ta 'yar wayar Apple kuwa tsit, da caja babu caja duk ɗaya, na yi ta jan maus kamar mahaukaci ban ji komai ba. Na zauna na yi shiru ni ma. Wato rabin matsalar da na ware wa dubu 150 abin dala 9 ya kashe ta.

Saura ƙarfi. Lissafin ranar Lahadi bai yi ƙarya ba, rabin bolt 96 dB ne a ƙoli, in waƙar da aka riga aka gama haɗawa ce ya isa, amma ɗanyen tafsirin bara da na buɗe sai da na danne hedifon a kunne kafin in ji fankar masallaci a bayan murya, alhali ita nake farauta.

Litinin, 20 ga Janairu

Na kwana biyu ina karance-karance, kaina har ya fara ciwo da sunayen cif. Wannan ESS ne, wancan AKM, wancan Cirrus Logic, kowa da mabiyansa kamar ƙungiyar ƙwallo. Akwai masu cewa AKM ɗumi gare shi ESS kuma kaifi. Abin da na tabbatar dai masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan ta yi gobara a Oktoban 2020, kamfanoni da yawa dole suka sauya cif, shi ya sa FiiO K5 Pro mai AK4493 ya dawo da sunan K5 Pro ESS da ES9038Q2M a ciki, kuma duniya ba ta tashi ba. Ni a ganina in hayaniyar na'ura ta riga ta yi ƙasa da abin da kunne ke kamawa to sauran gardamar ta masu lokaci ce. Haka maganar 32 bit da 384 kHz da ake bugawa a kwali. Faifan CD 16 bit ne da 44.1 kHz kuma ya rufe duk abin da ɗan Adam ke ji har 20 kHz, ni da 48 nake ɗauka, ƙarshenta ma a matse fayil ɗin ya zama MP3 a ji shi a wayar dubu talatin cikin kasuwa.

Waɗanda na rubuta a takarda: FiiO K11, K5 Pro ESS, Topping DX3 Pro+, sai JDS Labs Atom da Schiit Magni waɗanda su amfilifaya ne sai an haɗa musu DAC. Dukansu ƙarfi har ya yi yawa, kuma dukansu sai an jona su a bango. Nan gizo ke saƙar, don masu rubuta sharhin nan ba a Agege suke zaune ba. A ɗaya gefen akwai ƙananan masu cif CS43131 da ke ba da bolt 2 ta ƙaramin rami, wasunsu bolt 4 ta wani rami daban mai faɗin milimita 4.4, amma wayar DT 770 a manne take kuma ba ta shiga wannan tsarin sai an farke hedifon an sake wayarin, ba zan yi ba. Sai Topping DX1, shi daga USB kaɗai yake shan wuta, AK4493S ne a ciki, yana da babban rami da ƙarami da kuma RCA, wato ramin jona lasifika, a baya, kuma a lissafin da suka bayar na om 300 bolt ɗinsa ya kusa 4.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yau an yi ɓarna. Yaya ya ji ina ta maganar amfilifaya sai ya ce akwai wani a ɗakinsa da wani abokin kasuwancinsa ya kawo masa tsaraba daga Amurka bai taɓa kunnawa ba, in zo in ɗauka in gwada. Na je Idi-Araba na karɓo. Ɗan akwati ne baƙi mai kyau, adaftarsa kuma nauyi kamar me, da na juya ta na ga an rubuta 120V shiga, 16V AC fita. Wato taransfoma ce zalla a ciki, ba irin cajar laftof ba da ke karɓar komai daga 100 zuwa 240. Mu kuwa 230 muke da shi a 50 Hz. Na ajiye a tebur da niyyar gobe in nemo abin rage wuta, na fita magariba.

Ina dawowa tun daga ƙofa na ji ƙauri. Ƙanina ne ya ga an kawo wuta ya ce bari ya taimaka min ya sa sabon abu a caji, har da nemo adaftar fulogi don ƙafafun ba su shiga soket ɗinmu. Ya ce wani huci ta yi sai hayaƙi. Robar ta kumbura ta gefe ɗaya, ba ta taɓuwa don zafi. Ban yi masa faɗa sosai ba, yaron ya riga ya tsure. Na kira Yaya na faɗa masa, ya yi shiru sannan ya ce to Allah ya kiyaye gaba, shi akwatin dai ya tsira? Na ce Yaya sai an gwada.

Asabar, 25 ga Janairu

Neman adafta mai fitar da 16V AC a Legas aiki ne. Duk inda na je DC suke miƙo min, 12, 15, 19, ga su nan buhu-buhu, in ka ce AC kake so sai a dube ka kamar ka zauce. DC kuma ba za ta yi ba, don irin wannan amfilifayar a cikinsa yake raba AC ɗin gida biyu. Wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan Pen Cinema shi ya fitar da ni. Ya fasa robar da wuƙa, ya sunsuna, ya ce yaro koyil ɗin farko ne ya ƙone, zan naɗa maka sabo na 230. Na ce Baba nawa, ya ce dubu 8, muka tsaya a 6. A gabana ya fara warware tsohuwar wayar tagullar yana ƙirgawa a ransa, bakinsa na motsi, ko kallona bai ƙara yi ba.

Talata, 28 ga Janairu

Jiya na karɓo, akwatin ya tsira alhamdulillahi. Na haɗa shi da 'yar wayar Apple a matsayin DAC, kai, ashe haka hedifon ɗin nan yake. Murɗin bai kai rabi ba na ji fanka, na ji kujerar Malam na ƙara, har tarin wani a sahun baya.

Amma daren jiya ya yanke min shawara. Ina tsakiyar aiki hedifon a kunne aka ɗauke wuta, sai ji na yi ƙas a cikin kunne har na zabura, laftof na ci gaba da aiki da batirinsa amma sauti ya mutu. Aka tada ƙaramin janareta, ina kunna shi sai ga wani zzz siriri da ke hawa da sauka duk lokacin da firijin maƙwabta ya tashi, don layi ɗaya muke ja. Taransfoma abin da aka ba ta shi take miƙawa, in wuta ta yi ƙasa ita ma ta yi ƙasa. Ana iya saka sitabilaiza da UPS a gyara, amma wannan wani kuɗin ne da ya kusa na na'urar kanta, kuma a azumi yawancin aikina tsakanin tarawihi da sahur ne, lokacin da ba na son tada janareta in hana mutane barci. Duk na bango na soke su. Wanda zai rayu da batirin laftof nake so.

Na tura wa ejan ɗin da ke yi wa su Yaya sayayya a Guangzhou kuɗin DX1. Dala 99 ne, da canji da ladansa ya tashi dubu 162. Kuɗin jirgi sai kaya ya iso.

Laraba, 29 ga Janairu

Ejan ya turo saƙon murya, wai yau ce sabuwar shekarar Sin, kowa ya tafi garinsu, mai shagon ya karɓi oda amma ba mai aikawa sai an dawo hutu, kuma ko an dawo akwai layin kaya a sito. Da ya faɗa min jiya kafin in tura ai da na san abin yi. Ya ce in sha Allah kafin azumi. To.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Jira. Na saka manhajar EQ mai suna Equalizer APO na rage kaifin saman hedifon ɗin kaɗan, don harafin sin da shin na sukar kunne in an daɗe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kushin kunnen ya gama yawo, zufar Legas ta cinye shi har soso ya leƙo. Na sayi wani dubu 9, ba na kamfanin ba ne, na fata ne maimakon mai laushin nan, bas ya ƙaru kuma zafi ya ƙaru. Zan saba ko in wanke tsohon in mayar.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ya iso. Ofishin masu kargon na wajen Ajao Estate, na biya dubu 14 duk da abin bai kai kilo ba, sun ce mafi ƙarancin kuɗinsu ke nan. Kwalin ya ɗan lotse a kusurwa amma ciki lafiya. Ƙarami ne, tafin hannu ya ɗauke shi.

Na soka, Windows ta gane shi nan take ba sai na saka direba ba, tun sabuntawar 1703 ta shekarar 2017 Windows 10 ke gane irin waɗannan da kanta. Na shiga saitin sauti na sa 24 bit 48 kHz daidai da fayilolina, na kashe duk wasu ƙarin gyare-gyaren sauti da Windows ke kunnawa, na ɗaga makunnin ƙarfi zuwa na sama. Gwajin fayil ɗin shiru, tsit. Na zare caja na mayar, tsit. Na sa ƙanina ya kashe soket gaba ɗaya ina cikin sauraro, ko ɗigo sautin bai yanke ba. Abin da na biya wa kuɗi ke nan.

Sai dai da dare wata matsala ta ɓullo, ina tace bidiyo sai sauti ya riƙa tsinkewa, ɗan ƙyas sannan ya dawo, wani lokacin har na'urar ta ɓace daga jerin ta sake bayyana. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan mayar da kaya Sin ai sai dai a yafe. Na canza kebul, bai daina ba. Na rufe komai na bar Audacity kaɗai sai ya daina, na buɗe bidiyo ya dawo. Can na lura duk lokacin da diskin waje ya fara juyawa ne abin ke faruwa, kuma su biyun a kan hob ɗin USB ɗaya suke, mai arha wanda ba shi da wutar kansa. Ramin USB 2 milli-amp 500 yake bayarwa, USB 3 kuma 900, diski mai juyawa shi kaɗai ya kusa lashe wannan in zai tashi. Na ba DAC raminsa shi kaɗai a jikin laftof, diski a ɗaya gefen, na kuma shiga saitin wuta na hana Windows kwantar da ramukan USB don tattalin batir. Har asuba bai ƙara ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na ce bari in jona lasifikun tebur ta RCA ɗin baya, don masu biki in sun zo duba aiki ba zan riƙa miƙa musu hedifon ɗaya bayan ɗaya ba. Ina haɗawa sai guuuu, gurnani mai kauri da ɗan zzz a samansa, ko ba a kunna komai ba. A hedifon babu, a lasifika kawai. Na zare cajar laftof ya ɗauke ɗif. Na mayar ya dawo.

Na kira mai wayarin ɗin layinmu. Ya ɗora testa a jikin laftof sai ga ta ta ɗan kawo haske, ya ce ba ka jin yana ɗan cizonka in ka taɓa da ƙafa a ƙasa? Na ce ina ji, na ɗauka haka laftof suke. Ya kwance soket ya nuna min, ramin sama na wayar ƙasa ba a jona shi da komai ba, wayoyi biyu ne kawai suka shigo ɗakin, ya ce gidan gaba ɗaya haka yake. Bayaninsa shi ne caja irin ta zamani tana ɗan zubar da wuta kaɗan wadda ya kamata ta bi wayar ƙasa ta tafi, da ba ta samu hanya ba sai ta bi USB ta ratsa DAC ta bi bayan kebul ɗin RCA zuwa lasifika, ita muke ji. Ya ce wasu karya ƙafar fulogi ta uku suke yi wai maganin gurnani, kada in kuskura in yi wa kowace na'ura haka ko a wani gidan, ranar da waya ta taɓa jikin ƙarfe mutum ne zai zama hanyar.

Na mayar da caja da lasifika kan ekstenshin ɗaya, ya ragu bai tafi ba. Na sayo ɗan abin raba layi mai ƙananan taransfoma a ciki wanda masu rediyon mota ke sakawa, dubu 7 da ɗari 5, na sa tsakanin DAC da lasifika, gurnani ya mutu. Kamar ya ɗan rage bas na can ƙasa amma a lasifikun nan ba asara ba ce. Gyaran gaskiya dai sai an kafa sandar tagulla a ƙasa an ja waya, ya ce zai yi min lissafi in kai wa baba mai gida.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Kafin in mayar wa abokina 'yar wayarsa na yi wani gwaji don raina ya kwanta. Na kunna sautin 400 Hz, na auna da mita na daidaita DX1 ya fitar da daidai abin da ta Apple ke fitarwa, sannan na juya baya ƙanina na canza min ba tare da na san wanne ke ciki ba. Da karatun alaramma, da waƙa, da muryar Malam. Gaskiya ban iya rabewa ba, canka kawai nake, wani zubin in dace wani zubin in faɗi. Kafin a daidaita ƙarar kuwa da na rantse sabon ya fi faɗi da zurfi, ashe ƙara ce kawai ta fi. Don haka duk mai hedifon na om 32 ko iyafis da ya tambaye ni zan ce ya nemi 'yar wayar ta gaske ya riƙe kuɗinsa. Ni dubu 162 ɗina bolt na saya da murɗin bolum da ramin lasifika.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, Allah ya karɓa mana. Tafsirin farko ya shigo. Yanzu da na san kayana shiru suke, gurnanin da na ji na fayil ne ba tantama. Na zaɓi wurin da Malam ya yi shiru na duba zanen sautin a Audacity, ga tsauni a wajen 52 Hz, wani a 104, wani a 156. Ba 50 ba, janaretan masallaci ne ke gudu sama kaɗan, shi ya sa matatar 50 da nake sakawa a da ba ta kama shi sosai. Na sa siririyar matata a kan kowanne, na yanke duk abin da ke ƙasa da 80, sai rage hayaniya ɗan kaɗan kawai saboda fanka. Muryar ta fito da jikinta. Ladan ya ji a wayarsa bayan asuba ya ce Malam bana kamar a gabanka ake karatun.

Matsalar ita ce janaretan ba ya tsayawa wuri ɗaya, in an kunna fankoki duka sai ya sauko wajen 49, dole in raba fayil ɗin kashi-kashi.

Talata, 4 ga Maris

Aiki na tafiya. Batirin laftof na saurin ƙarewa kaɗan fiye da da, amma yana kai ni sahur in na rage hasken allo.

Lahadi, 9 ga Maris

Lissafi zuwa yau: farar waya dubu 4, naɗin taransfoma 6, DX1 162, kargo 14, kushin 9, abin raba layi 7,500, zirga-zirga wajen 5. Jimla dubu 207 da ɗari 5, na haura dubu 180 ɗin da na ce in ta kama dole da kusan 28. Biki biyu bayan sallah za su cike in Allah ya so.

Na gano ta inda gurnanin masallaci ke shiga, kebul ɗin da ke tahowa daga mikisa zuwa rikodata doguwa ce marar kariya kuma tare take tafiya da wayar janareta a jikin bango. Na yi magana da kwamiti, sun yarda in sayo mai ƙafa uku ta XLR mita 10 in canza mata hanya ta bayan mumbari, gobe zan shiga Ikeja in duba farashi. Mai wayarin ya kawo lissafin sandar ƙasa, baba mai gida ya ce a bari sai bayan sallah a raba da sauran 'yan haya. Amfilifayar Yaya kuma ranar Juma'a zan kai masa in mun je shan ruwa, na manna takarda a jikin adaftar na rubuta 230 da jan biro.